Kafso a Durowar Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Na rubuto na ba direba ne don ka san kunnen Baba, ko a banɗaki na kira ka sai ya ji.

Yaya, Baba ya canza min. Yau kwana uku ke nan. Shekaranjiya na tarar da almakashinsa a cikin firji, na yi dariya na ce, "Baba, shi ma zafi yake ji?" Bai yi dariya ba. Ya kalle ni ya ce wai yaushe aka kawo ni gidan. Jiya mai shagon kusa ya kawo wando a rage masa tsawo, Baba ya yanke ƙafa ɗaya sau biyu. Mutumin da ya shekara arba'in a kan keken ɗinki!

Ba ya son shan ruwa, amma hanyar banɗaki ta fi ta ƙofar gida ganinsa. Goggo ta zo ta ce tsufa ne, in haƙura. To tsufa a kwana uku yake sauka? Ni dai tsoro nake ji. Don Allah ka faɗa min abin yi.

Ka gaida kowa.
Taka, Auta

*

Wa'alaikumussalam Auta,

Ina gaishe ki, ina kuma gaida Baba da Goggo. Wasiƙarki ta same ni a wurin aiki, na karanta ta sau biyu.

Ki saurare ni da kyau. Ba na jin tsufa ne. A ɗakin gwajinmu, kwalaben fitsarin da ake kawo min daga ɗakin kwanciyar manya sun ƙaru sosai a bana. A da, mai cutar mafitsara magani ake rubuta masa ya koma gida. Yanzu da yawa sai an ba su gado, musamman tsofaffi, domin ƙwayar cutar ta daina jin magungunan da aka saba. Kuma tsoho ba lallai ya ce miki yana jin zafi ba. Wani ruɗewa kawai za ki ga ya yi, danginsa su ce ya fara gigin tsufa, sai an kawo shi a makare.

Ki taɓa jikinsa ki ji ko akwai zazzaɓi. Ki duba ɗakinsa ko yana shan wani magani a ɓoye. Sannan ki kai shi asibiti yau, kada ki jira gobe, kada ki jira Goggo ta yarda. Ki ce su gwada fitsarinsa da jininsa.

Allah ya ba shi lafiya.
Yayanki

*

Yaya, salam.

Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi, a bencin bakin ɗakin maza na asibiti.

Na duba kamar yadda ka ce. A durowar kekensa, ƙarƙashin zare da maɓallai, na samu kafso har kati biyar, kowanne an sha rabi an bar rabi. Na nuna masa, lokacin hankalinsa ya ɗan dawo. Ya sunkuyar da kai ya ce wata biyu ke nan fitsari yana yi masa zafi. In ya sha kwana biyu ya ji dama, sai ya ajiye. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa min ba?" Ya ce, "Wannan ba maganar da uba yake yi da 'yarsa ba ce."

Ya ƙi asibiti ƙememe. Washegari da safe ina haɗa shayi na ji faɗuwar kujera. Na same shi a ƙasa yana rawar sanyi, haƙoransa suna haɗuwa, jikin kamar an ɗora shi a wuta. Bakaniken da ke gaban gidanmu ne ya ɗauke shi a motar wani da yake gyarawa.

Gaskiyarka, ɗakin cike yake. Gadon bakin ƙofa muka samu, shi ma sai da aka sallami wani. Na kusa da mu tsohon ɗan dako ne, ciwonsu ɗaya. Nas ta ce min a satin nan kaɗai Baba ne na shida.

Sun sa masa ƙarin ruwa da allura. Kwana biyu zazzaɓin bai sauka ba. Likita ta ce cutar ta hau zuwa ƙoda, maganin farko bai kama ta ba, sun canza wani, suna jiran sakamakon gwaji. Ina kallon jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado kamar mai kallon agogo.

Zan faɗa maka wata magana ko da za ka ji haushi. Da kana kusa, da kai zai gaya wa. Kai namiji ne, kuma aikinka ne. Ni ina gida ɗaya da shi, ina wanke masa kaya, ban sani ba.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba, ya kuma gajiyar jinya?

Ban ji haushi ba. Akwai abin da ya kamata in gaya miki tun a wasiƙar farko, na kasa.

Ya gaya min, Auta. Wata biyu da suka wuce ya kira ni ina tsakiyar aiki. Bayan gaisuwa ya ce wai wani abokinsa ne fitsari yake yi wa zafi, wane magani ake sha? Ina riƙe da waya da kafaɗa, hannuna a cikin safar roba, mutane a layi. Na faɗa masa sunan kafso, na ce abokin ya je asibiti in bai daina ba. Ban tambaye shi wane aboki ba. Ni da na san abokan Baba duka, na kuma san saura biyu a raye.

Kullum ina faɗa da masu sayen magani a kemis su sha rabi. Ga shi da bakina na tura mahaifina can. Tun da na karanta zancen durowar nan ban iya kallon abinci ba.

An ba ni hutu daga jibi. Ki roƙi likita ta rubuta miki sunan ƙwayar cutar da maganin da gwaji ya nuna tana ji, ki riƙe min. In kin ga dama ki karanta wa Baba wannan wasiƙar, in kin ga bai dace ba ki yaga.

Ki yafe min.
Yayanki

*

Yaya, salam, muna gaishe ka.

Zazzaɓin ya sauka da hantsi, a magani na uku. Ya sha ruwa kofi biyu da hannunsa. Sakamakon ƙodar sai gobe za su faɗa, likita ta ƙi yi min alƙawarin komai.

Ban karanta masa ba, ban kuma yaga ba. In ka zo ka yi da bakinka.

Na dai ce masa kana hanya. Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya yi. Can sai ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Ki ce wa yayanki kada ya yi gudu a hanya. Abokin nan nawa ya ji sauƙi."

Ka taho da wuri.
Auta