Kambin Motar Sajawal

Rawalpindi, 3 ga Maris

Ustad Fazal Dad,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da ɗiyarka Rukhsana kuna lafiya. Takarda na rubuto, don shekara arba'in na bugun ƙarfe a garejin fentin manyan motoci ba su bar maka kunnen waya ba.

Ƙaramar motar da ka aiko don tserenmu ta iso ta hannun kwandastan bas. Da na buɗe kwalin, 'yan ƙungiyarmu, tsofaffi goma sha biyu masu tseren motocin rimot kamar jikokinsu, duk suka kewaye ta suna kallo. Zanen ɗawisu a ƙofa, sarƙoƙi suna kaɗawa a ƙasa, ga dogon kambin katako a saman kai. Babbar motar ɗanka marigayi Sajawal ce sak, an ƙanƙance ta sau goma. Raja Sahib, shugabanmu, ya ce, "Wannan ai ofishin lasisi za a kai ta, ba fili ba."

Matsala biyu ce. Doka ta tara a dokokin ƙungiyarmu ta ce dole a sa mutum-mutumin direba a kujera, don mota ta yi kama da ta gaske. Ni na fassaro dokar daga littafin Turawa ina ta alfahari, yau ga ta ta ci abokina. Ina da wani direban roba mai jan gashi da hular kwano, in kana so.

Ta biyu, na gwada ta sau uku, sau uku tana kifewa a babbar kwana. Kambin ya yi tsawo. Ka rage shi, doka ba ta hana ba.

Naka,
Mumtaz Kayani

Haripur, 8 ga Maris

Master Sahib,

Na amsa gaisuwa. Riƙe Baturen robarka. Kujerar nan ta Sajawal ce, ba mai zama a kai.

Zancen kambi kuwa, akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. A motarsa ta gaske ni na ƙara wa kambin taƙi biyu, don in nuna wa masu fentin Peshawar iyakarsu. Ya ce, "Abba, kanta ya yi nauyi." Na yi dariya na ce direban da ke tsoron ado ya koma tuƙin jaki. Wata biyu bayan nan ta kife a kwana a hanyar Gilgit. Mutane suka ce burki ne. Shekara huɗu ina son in yarda.

Ba don kofi na ƙera ƙaramar ba. Na auna komai daidai, har nauyin katakon. Noti huɗu ne ke riƙe da kambin. Kwance su, ka sake bin kwanar nan, ka faɗa mini. Kai ne malamin da ya kayar da ɗan kwamishina a jarrabawa, na san ba za ka yi mini ƙarya ba. In ka ƙi, zan zo ranar tsere in kwance da hannuna.

Fazal Dad

Rawalpindi, 12 ga Maris

Rukhsana ɗiyata,

Allah ya yi miki albarka. Wannan taki ce ke kaɗai, kada mahaifinki ya gani.

Na yi abin da ya ce. Na je fili da rana tsaka, lokacin da tsofaffin ke barci. Na cire kambin, na bi kwanar sau goma. Ko tangaɗi ba ta yi ba. Na ƙara gudu har ina roƙonta ta faɗi, ta ƙi.

Na shekara talatin ina koyar da kimiyya. Zan iya cika allo da hujjar cewa motar wasa ba babbar mota ba ce, ƙasar filinmu ba dutsen Gilgit ba ce, kuma abin da na gani bai tabbatar da komai ba. Duk gaskiya ne. Amma kin san mahaifinki, idonsa kawai yake yarda da shi. Ina da littafi kusan dubu a ɗakin nan, na duba bangonsu ɗaya bayan ɗaya, babu mai amfani.

Yaya yake? Me kike so in yi?

Chachanki, wato baffanki,
Mumtaz

Haripur, 15 ga Maris

Chacha ji,

Ina gaisuwa da girmamawa. Tun da Abba ya aiko maka takarda rabin gurasar roti yake ci. Kullum yana tashar mota yana tambayar kwandasta ko akwai saƙo. Ya riga ya sa sukundireba a aljihun rigar da zai sa ranar tsere.

Na rasa yayana, Abba kaɗai ya rage mini. Ku da kuke da dokoki har na launin madubi, ba ku da wadda za ta hana motar nan taka fili?

Rukhsana

Rawalpindi, 18 ga Maris

Ustad Fazal Dad,

Bayan gaisuwa, a matsayina na sakatare ina sanar da kai cewa kwamiti ya ƙi karɓar motarka bisa doka ta tara. Motar da aka ƙi ba ta taka fili ko don gwaji, saboda haka ban samu yin abin da ka roƙa ba. Raja Sahib ya so a yi maka sassauci, ni na hana. Ka zage ni yadda ka ga dama, ka san ni da taurin kai kan rubutu.

Kada ka wahalar da kanka da zuwa. Na mayar da ita a kwalinta, kwandasta zai kawo.

Naka har kullum,
Mumtaz

Haripur, 21 ga Maris

Master Sahib,

Mota ta iso lafiya. Ni dai da fenti nake rufe kan noti in na gama aiki. Duka huɗun fentinsu ya fashe, an kwance su ke nan.

Da ta faɗi ba kambi, da ka faɗa mini.

Ka gaida Raja Sahib. Na gode.

Fazal Dad