Ƙwara Ukku da Na Ba Maƙwabciya

Assalamu alaikum Hajiya Sahiya. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya yi mini nauyi kuma ba ni da wanda zan gaya ma wa.

Jikana Sagir, ɗan farin ɗiyata Rahinatu, yana hannuna nan Dogarawa tun da aka kawo mini shi yaye. Angona nike ce mishi, shi ko ya ce zai sake ni in ban aje mishi ƙanzo ba. Da damana masassara ta kama shi. Na ba shi nibakin, ƙwarar masassara, yadda muka saba, ba ta yi komi ba. A gidan likita majo, babban mai duba marasa lafiya, ya ce ciwon ya bar jin nibakin, ya ba mu sabon magani, wai iri biyu aka haɗa cikin ƙwara guda. Ƙwara shidda, safe da marece, kwana ukku, kada a rage ko ɗaya.

Kwana na biyu yaro ya tashi yana korar kaji. Ran nan maƙwabciyata Barira ta shigo da ɗiyarta, jiki kamar wuta, mijinta ba ya gari, ruwa ya yanke hanya. Mu nan tun da can raba nibakin muke kamar gishiri. Na ba ta ukkun da suka rage.

Bayan sati biyu ciwon ya komo ma Sagir, har sai da aka ƙara mishi jini a Ƙonni. Ubanshi Badaru, malamin lakwal, makarantar boko, a Illela, ya tambaye ni ko na ba shi maganin duka. Suruki ne, ban iya duban idonshi. Na sadda kai, ya ɗauka i na ce. Suka tafi da yaron, yanzu Badaru na gaya ma mutane sabon maganin banza ne.

Wata biyu ke nan. Takalminshi na ƙarƙashin gadona. Har yau hannuna na ware ƙanzon kafin in tuna. Rahinatu ta ce ƙila su maido shi bayan girbi. In na faɗi gaskiya ina tsoron in rasa shi, in na yi shiru ko sallata ba ta natsuwa. Ƙaƙa zan yi?

Wata kaka, Dogarawa

Wa alaikumus salam Inna. Tausai ya sa ki, ba mugunta ba. Amma ki sani wannan magani ba na rabo ba ne. Ƙwarorin farko ke sauke zafin jiki, na ƙarshe ke gama da ragowar ciwon. Da kika raba, yara biyu kika bari da rabin magani. Ki gaya ma Barira haka, in jikin ɗiyarta ya ƙara zafi ta kai ta likita ran nan.

Badaru kuwa ba shi da laifi, ya ga ɗanshi a gadon asibiti. Sai dai malami ne, ana jin maganarshi. Wata uwa za ta ji, ta hana ɗanta maganin da zai cece shi. Shirun nan ya fi ƙwara ukkun nauyi.

Kada ki jira girbi. Ki shiga mota ranar kasuwar Illela, ki fara gaya ma Rahinatu, ita ta isar ma mijinta tunda kunya ta hana ki. Ban yi miki alkawarin za su ba ki Sagir ba. Ƙila su yi fushi na ɗan lokaci. Amma kakar da ta zo da ƙafarta ta faɗi kurenta, ita ce wadda ake iya bar ma yaro da magani gobe.

Ki ƙulle ƙanzon cikin gyale ki tafi da shi, kada angon ya ce ya sake ki. Allah ya ƙara mishi lafiya, ya sanyaya zuciyarki.

Hajiya Sahiya