Ɓawon Rogon Rabi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya ƙafar taka? Mu nan unguwar Maamobi lafiya lau, Inna ma ta ji sauƙi.

Labarin 'yarka Rabi ne. A jami'a tana jiƙa ɓawon rogo, ta haɗa da naitirojin irin na takin zamani, ta sa masa wutar lantarki, don ta fitar da sinadarin haɗa magani wanda a da sai daga fetur ake samu. Sau ɗaya ta roƙi ɓawo a Kasuwar Malam Atta. Ka san matanmu: tunda 'yar Zango ce ke karatu, kullum sai buhu ya iso a trotro, motar hayarmu ta nan, kuma ba a mayar da kyauta. Tsakar gida ta cika, har mai gidan haya ya ce ko buhunan ko mu.

Jiya ta kawo abin da ta samu, ɗan ruwa a kwalba kamar ta turare. Inna ta ɗaga, ta ce, "Duk warin da muka sha, wannan ne?" Sai ta tofa masa addu'a, ta kulle a akwatinta tare da zamzam, wai na jikarta ne, ba mai taɓawa.

Ka gaida mutanen gida, ka sa Rabi a addu'a. Don Allah ka bugo wa Inna, kai kaɗai take ji. Malaman Rabi suna jiran kwalbar.

Ƙanwarka,
Hadiza