Goron Innar Hamadu

Laraba da dare, Jambutu, Garwa

Barci ya ƙi zuwa. Hamadu ne fa ya hau tebur a jami'a, ya ce kada ɗalibi ko ɗaya ya biya kuɗin rajista sai an dawo mana da abincin resto, wato ɗakin cin abincin ɗalibai, da ɗakin magani. Muka shafa Fatiha a kai. Na tattaro kayana na dawo gida, har yau Baba da ƙyar yake amsa gaisuwata.

Ɗazu innarsa ta shigo wurin Mama tana raba goro. "Hajiya, taya ni murna! Hamadu ya biya tun kafin a rufe, har ɗaki sun ba shi."

Ashe ma an rufe rajistar.

Ta miƙo mini nawa goron. Da hannuwan da na shafa Fatihar nan da su na karɓa, har da cewa Allah ya sanya alheri.