Muryar Marigayi Mijina Tana Magana A Kwamfutocin Mutane

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni tela ce, karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Mijina ya rasu bara. Gyaran kwamfuta yake yi a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, inda mutum biyu ba sa iya juyawa. Akwai wata babbar manhaja da ya ƙallafa wa rai, irin wadda ke tuƙa kwamfuta gaba ɗayanta. Ba ta kamfani ba ce. Ya ce aikin gayya ce: mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, kowa ya kawo abin da ya iya, kuma kowa ya ɗauka kyauta. Yana kiran ta Tsohuwa, don tana tashin kwamfutocin da aka yar.

Da amininsa ya makance, sai ya ce zai sa Tsohuwa ta yi Hausa, ta riƙa faɗa wa marasa gani abin da ke kan allon. Ya naɗi muryarsa: haruffa, lambobi, buɗe, rufe, ajiye, goge. A cikin durowar kayana yake shiga ya ja ƙofa, tsakanin ɗinkunan mutane, wai tufafi na shanye amsa-kuwwa. Ƙato da shi, ya duƙunƙune yana ta zufa. Ina ce masa in ya yamutsa min gugar mutane shi zai sake ta. Ya ce in tsayar da keken ɗinkina dai, injiniya na aiki.

Daga baya masu aikin suka watse, Tsohuwa ta kwanta shekara da shekaru. Ana yi masa dariya yana cewa barci take yi. Bai ga tashinta ba.

Kwanakin baya ’yata ta fari ta ce wasu sun taru sun farfaɗo da ita. Ta sa sabuwar a kwamfutar babanta, ta danna wani wuri. Anti, ina yankan yadi na ji ya ce barka da zuwa. Almakashin ya faɗi. Muryarsa ce sak, har da ɗan jan numfashin da yake yi kafin magana. Na zauna a ƙasa na ce ta sake. Ta sa ya ƙirga. Da ya zo bakwai sai na ji dariya a ciki, na tuna ranar. Ni ce na buɗe durowar ina neman mayafi, na gan shi a tsugune, dariya ta kama shi, bai kuma sake naɗar wurin ba.

’Yata ta karanta min abin da mutane ke rubutawa. Wata makauniya ta ce da muryar nan ta fara buga takarda da kanta. Wani ya ce babansa ya daina jin tsoron kwamfuta tunda ta yi masa Hausa. Mutanen ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, waɗanda ko Hausa ba sa ji, suna yi masa addu’a. Ikon Allah! Mutumin da ko jirgi bai taɓa hawa ba.

Ga matsalar. Da masu aikin na yanzu suka ji ya rasu, sai suka aiko suna tambaya ko iyalinsa sun yarda a bar muryar, ko a sauya da ta inji. Suna jiran amsata kafin ƙarshen wata. Yayansa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya ce a cire. Ya ce wanda ya tafi a bar shi ya huta, ba a mai da shi abin dannawa ba. Ya ƙi ko saurara.

Ni ma zuciyata biyu. Na je shagon buga takardu, ashe sun sa Tsohuwa a kwamfutarsu, na tarar da wasu ’yan mata suna danna bakwai suna maimaitawa suna dariya. Ba da mugunta ba. Amma na fito ban karɓi takardata ba. Dariyar nan tawa ce, Anti. In na ce a cire, na ƙwace wa makauniyar nan. In na ce a bari, na saɓa wa Yaya, kuma kullum zan iya cin karo da mijina a bakin hanya. Me zan ce musu?

Matar mai gyara

*

’Yar’uwa, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Na karanta wasiƙarki.

Mu fara da gaskiya mai ɗaci. Abin da ya riga ya bazu ba ya dawowa. Ko kin ce a cire, daga sabuwar kawai za a cire, waɗanda suka riga suka ɗauka suna nan da ita. Kada ki yi wa Yaya alkawarin da ba ya hannunki.

Na biyu, mai muryar ya riga ya yanke hukunci. Da hankalinsa ya shiga durowar nan, da hannunsa ya ba da ita kyauta, ya kuma san don wa. Tambayar da suka yi miki mutunci ne, ki gode musu. A ganina ki ce a bari.

Amma Yaya ba abokin gaba ba ne. Shi ya rene shi, ƙin sauraren nan ciwo ne. Kada ki aika, ki je da ƙafarki. Kada ki kunna masa komai. Ki sa ’yarki ta karanta masa saƙon makauniyar, ki kuma gayyato aminin nan da aka fara abin dominsa ya yi magana da bakinsa. In damuwar Yaya ta addini ce, ku tafi tare wurin malamin da shi ya yarda da shi. Ko bai sauko ba, zai san ba a tsallake shi ba.

Sannan ki roƙi masu aikin abu biyu: kada muryar ta riƙa tashi da kanta sai mai buƙata ya kunna, kuma kada su koya wa inji ita ya faɗi abin da marigayi bai faɗa ba. Su gaya miki iyakar abin da za su iya tsarewa. ’Yarki kuma ta kwafe ainihin naɗin ta adana wuri biyu, kwamfuta ba ta da tabbas.

Shagon buga takardu, ki tura wani har sai zuciyarki ta yi ƙwari. Ba laifi ba ne.

Saura bakwai. Za ki iya cewa su gyara wurin, amma ni da zan bar shi. ’Yan matan nan sauti kawai suka ji. A duk duniya ke kaɗai kika san abin da ya gani da ƙofar ta buɗe, kuma wannan ba a kwafe shi. Allah ya sa aikin nan ya zame masa sadaka mai gudana, ya raya muku yaran.

Anti