Famfon da Hambali Ya Rufe

Kabo, 4 ga Maris, 2001

Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Asibi da yara. Ya aikin gareji?

Ka san ina cikin takaba, ba halin fita, shi ya sa na ba direban Gwarzo wannan takarda. Janaretan Hambali ya ƙi tashi. Tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa shi sai jiya. In na murɗa makulli sai ya yi tari, ya kama kamar gaske, ya mutu. Man gas kuwa rabin tanki ne, na zura kara na gani.

Danginsa sun ce tunda mataccen ƙarfe ne, a sayar wa 'yan gwangwan ranar rabon gado. In yana aiki, za a bar mana shi cikin kasona da na yara, firjin ƙanƙara ya ci gaba da ciyar da mu. Na san shekara uku ba kwa magana da shi. Amma ni ƙanwarka ce, ba ni da wani makaniki.

Taka,
Badi'a

Gwarzo, 7 ga Maris

Badi'a,

Wa alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙansa.

Ki kwance filtar mai ki duba. Man 'yan bunburutu na zamanin nan rabinsa ruwa ne. In filta kalau take, to iska ce ta shiga tiyo. Akwai famfon hannu a gefen injin. Ki sassauta notin da ke samansa, ki yi ta dannawa har kumfa ta ƙare, mai ya fito da ƙarfi. Ni aiki ya yi min yawa, ba zan samu zuwa ba.

Wassalam,
Tasi'u

Kabo, 11 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi duk yadda ka ce, hannuna ya koma kamar gindin tukunya. Filta tas take. Famfon kuwa na danna har kafaɗata ta yi tsami, ba kumfa, ba mai, ba ƙarfi ko kaɗan.

Wai aiki ya yi maka yawa? Direba ya ce a kan benci ya same ka kana gyangyaɗi. Ranar jana'iza ma an ce min ka yi salla, ka tsaya a ƙofar gida, ka juya. Abin ya yi min ciwo, Yaya, har yau yana yi.

Kar ki gaishe shi, in ji zuciyata, amma dai na gaishe ka.
Badi'a

Gwarzo, 14 ga Maris

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. In famfo ba ya jan komai, man ba ya barin tanki ke nan. Ki zura hannu ƙarƙashin tankin ta wajen bango. Akwai wani ɗan famfo na rufe mai a ɓoye, ba na kamfani ba ne. Ni da Hambali muka sa a shekarar wahalar mai, saboda masu zuƙewa da tiyo. Na koya masa ya riƙa rufewa kullum in ya kashe inji. Ashe bai daina ba.

Da ya bar garejina ya buɗe nasa a Kabo, na ce masa ko noti ɗaya ba zai iya ɗaurewa ba sai da ni. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan. Ki gaya min da wace fuska zan shiga gidansa.

Ki yafe min.
Tasi'u

Kabo, 16 ga Maris

Yaya Tasi'u,

Na same shi. A rufe yake tam, da shatin yatsansa na baƙin mai a jiki. Na tuna yammacin: ya kashe inji, ya durƙusa ta wajen bangon nan, ya wanke hannu ya ce kansa na ciwo. Aikin ƙarshe da ya yi a gidan nan ke nan.

Sau uku ina kamawa ina saki. Ba tauri ne ya hana ni ba.

Litinin za a raba gado. Kai ka koya masa rufewa, ka zo ka buɗe. Na sa an share zaure.

Ƙanwarka,
Badi'a