Ka Taka Birkin Kafin Ka Sa Giya

Hafizu,

Na leƙa bayan asuba na tarar ka koma barci, ban tashe ka ba. Na tafi Mai'adua jana'iza. Abokina Yelwa direba, mai kai buhuna Kongolam, Allah ya yi masa rasuwa jiya da yamma.

Jiyan aka sa wa motarsa sabbin takalman birki. Ana ɗaure taya ya ce sauri yake, ya shiga ya ja, bai tsaya ya tattaka birkin ya yi tauri ba. Sabon takalmi kuwa, ba ya kama komai a takun farko. Yana hawa titi sai ga tirela. Waɗanda suka ciro shi sun ce ƙafarsa na kan birki, ta danne shi har ƙasa. Tun da aka faɗa mini, in na rufe ido ƙafar nan nake gani.

Ka ce yau za ka kai tamu motar a canza mata takalman birki. Ka kai. Amma in sun gama kada ka sa giya. Ka taka, ka saki, ka taka, har sai ya ƙi sauka. In ka ji laushi, ka ce su fitar da iska, ko da za su yi maka dariya. Ba makanike zai zauna bayan sitiyari ba.

Makulli yana wajen mahaifiyarka. Na ce kada ta ba ka sai ka karanta mata wannan da bakinka.

Babanka